Mai Koyon Rubuta Manhaja, Kada Ka Raina Babbaƙu

Tun da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 don horar da 'yan Najeriya miliyan 3 a fannin fasahar zamani, matasa da dama sun duƙufa gaban kwamfuta suna koyon rubuta manhaja. Tsadar data da rashin wuta suna sare musu gwiwa, wannan kowa ya sani. Amma akwai wani cikas da ba a cika faɗa ba, wato kunyar a ga mutum bai sani ba, musamman idan ya riga ya yi digiri ko ya yi suna a wata sana'a.

Kwamfuta kuwa ba ruwanta da digiri. A harshen Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, idan ka rubuta sharaɗi ka manta ɗigo biyu na ƙarshen layi, aikin ba zai tashi ba. Sai ta jero maka saƙon kuskure, har da lambar layin da matsalar take. Mai girman kai zai rufe allon cikin fushi, ko ya kwafo amsar wani ya liƙa. Wanda ya yarda shi ɗan koyo ne zai tsaya ya karanta saƙon a hankali, ya je layin, ya gyara. Haka ranar da ya gano cewa Python daga 0 take fara ƙirga abubuwan da ke cikin jeri, zai tambayi dalili. Ai a makarantar allo ma ba wanda ke tsallake babbaƙu da farfaru ya ce zai hau tilawa.

Ƙwararru ma sun san amfanin komawa ƙasa. A littafin The Pragmatic Programmer na 1999, Andrew Hunt da David Thomas sun kawo dabarar ajiye agwagwar roba a kan tebur, mutum ya riƙa yi mata bayanin abin da ya rubuta layi bayan layi, kamar ga wanda bai san komai ba. Sau da yawa tun bayanin bai ƙare ba kuskuren ke fitowa fili.

Barin wannan ɗabi'a na da tsada. Ranar 4 ga Yuni 1996, rokar Turai mai suna Ariane 5 ta tarwatse a sama ƙasa da minti ɗaya bayan tashinta daga sansanin harba rokoki na Kourou, ɗauke da taurarin ɗan'adam 4. An ɗauko manhajar saita hanya daga tsohuwar roka Ariane 4, inda ta daɗe tana aiki lafiya. Sabuwar ta fi gudu, sai wata lamba ta yi wa gurbin da aka tanadar mata girma, na'urar ta rikice. Injiniyoyi ne gwanaye suka yi aikin, sai dai sun amince da abin da suka saba, ba a gwada shi da yanayin tafiyar sabuwar rokar ba.

Don haka masu koyarwa a cibiyoyinmu, ku daina yi wa ɗalibi dariya idan ya yi tambayar da kuke gani ƙarama. Kai kuma ɗalibi, ko shekarunka nawa, idan saƙon kuskure ya fito yau, karanta shi har ƙarshe kafin ka nemi mai taimako.