Waƙa da Mai Ita: Daga Fadar Damagaram zuwa Kasuwar Duniya

A Damagaram ta dā, makaɗi ba ya neman hakkinsa a takarda. Yana da ubangida. Idan ya wasa sarki a Zinder, ko ya yi wa hakimi kirari a ƙofar fadar Mirriya, nan take ake sallamarsa da riga, ko doki, ko damin hatsi. Haka Ma'azu Ɗan Alalo ya yi zamaninsa a fadar Sarkin Damagaram, haka kuma zabiyoyi da masu kalangu suke ci a wurin biki da suna. Waƙa ba ta rabuwa da bakin mai ita, don haka wanda yake son jin ta dole ya kira shi, ya kuma biya shi.

Na'urar ɗaukar murya ce ta raba su. Maginiyar Mirriya idan ta sayar da tukunya ranar Lahadi, tukunya ɗaya ta tafi, mai son wata sai ya dawo gare ta. Waƙa kuwa da zarar ta shiga faifai sai ta yi ta haihuwa a hannun wasu. Daga rediyo ta koma kaset, daga kaset ta koma mimori, har ta kai ga rumfunan masu tura waƙa a waya, inda ake cika wa mutum ɗaruruwan waƙoƙi da 'yan daloli. Mai rumfa ya samu na cefane, mawaƙi ya samu suna, amma ko dala ba ta isa gidansa.

Sau da yawa ana ɗora laifin a kan aro, alhali kiɗan Hausa da aro ya girma. Tarihin Kano ya nuna a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, aka fara busa kakaki a fada, algaita kuma ta hanyar Arewacin Afirka ta iso. Waƙoƙin fim da ake kira dandalin soyayya a Nijar, waɗanda ke tashi a kowace tashar mota daga Zinder zuwa Magarya, da yawansu a kan karin finafinan Indiya aka gina su. Har masu bege da mandiri a Kano sun ɗauki karin Indiya sun yabi Manzon Allah da shi. Ba wanda ya aika wa mawaƙan Mumbai ko sisi, kuma adalci ne a faɗi haka kafin a nuna wa wani yatsa.

Inda abin yake zama zalunci shi ne idan mai ƙarfi ya ara daga marar ƙarfi, ya shafe sunansa, ya yi rajista da nasa. Solomon Linda, Bazulu ne na Afirka ta Kudu, ya ɗauki waƙarsa Mbube a 1939 ya sayar wa kamfanin Gallo a kan kuɗi ƙalilan. Karin ya ƙetara zuwa Amurka, aka sauya masa baiti, har ya shiga fim ɗin The Lion King a 1994. Linda ya rasu cikin talauci a 1962, 'ya'yansa ba su samu sulhu a kan hakkin waƙar ba sai 2006. Dokar hakkin mallaka ta fi sanin wanda ke riƙe da takarda, kuma duk abin da aka laƙaba wa sunan gargajiya akan ɗauke shi kamar ba shi da mai shi. Wannan ne ya fi cutar da makaɗanmu, domin kusan dukansu a bakin iyaye da iyayen gida suka koya. Nijar ta kafa doka a 1993 wadda ta sa kayan gargajiya cikin abin da ake karewa, akwai kuma hukumar BNDA mai karɓar hakkin mawaƙa, sai dai mai gurmi da ke ƙauye da wuya ya kai kansa ofis ya rubuta waƙoƙinsa.

Buɗewar duniya tana da wata fuskar da ya kamata a yaba. Malam Mamman Barka, ɗan Tesker a jihar Zinder, ya tafi bakin Tafkin Chadi a 2002 da tallafin UNESCO, ya koyi biram, molon Buduma mai tsirkiya biyar, a hannun Bukar Tar, wanda ake ganin shi ne gwaninsa na ƙarshe. A 2009 wani kamfanin Ingila, World Music Network, ya fitar da faifansa, aka ji biram a Turai da sunan mai kaɗa shi da na wanda ya koya masa. Barka ya rasu a 2018.

Labarin Mdou Moctar ya fi nuna yadda hanyar take murɗewa. Buzu ne daga jihar Tawa, ya je Sakkwato a 2008 ya ɗauki waƙoƙinsa da na'urar gyaran murya irin ta mawaƙan finafinan Hausa. Waƙoƙin suka bi wayoyi har Mali, inda wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsince su. Da ya ga dama da ya sayar ba tare da kowa ya sani ba. Sai ya yi ta cigiya har ya gano mai su, ya sa ɗaya a faifan Music from Saharan Cellphones a 2011, aka raba kuɗin da mawaƙan da aka samu. Kamfanin Kirkley, Sahel Sounds, ya kuma fitar da Harafin So a 2013, tarin waƙoƙin finafinan Kano, wato karin da aka aro daga Indiya, aka rera da Hausa, yanzu ana sayar da shi a Amurka da sunayen mawaƙan a jikin faifan.