Kayan Yaji da Kare Kaji Daga Dafin Fumfuna

A yawancin gidajenmu kaji su ne asusun uwargida: da su ake sayen magani, da su ake karɓar baƙo. Sai dai idan hatsi ya yi fumfuna a rumbu, akan ce a watsa wa kaji don kada a yi asara. Nan fa asarar take farawa.

Fumfunar da ke kama masara, gyaɗa, dusa da tunkuza wajen zafi da danshi tana fitar da wani dafi mai suna afalatoksin. An gano shi ne bayan annobar 1960 a Ingila, inda talotalo kimanin 100,000 suka mutu saboda tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Burazil. Hanta yake kamawa. Tsaki ya daina girma, kaza ta rage ƙwai, rigakafi ya ƙi kama jiki sosai. Mutum ma bai tsira ba: a Kenya, a 2004, gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125.

Masana kiwon dabbobi sun jarraba kayan yajin da ke cikin madafarmu. Wanda aka fi bincika shi ne kurkum, wato gangamau, domin sinadarin da ke ba shi launin rawaya yana taimakon hanta wajen jure dafin. A wasu gwaje-gwaje, garinsa giram 5 cikin kilo guda na abinci ya rage ɓarnar ga kajin nama. Tafarnuwa, citta da habbatussauda su ma sun nuna amfani, kanumfari kuwa yana hana fumfuna yaɗuwa. A busar da su, a daka lukui, a cakuɗa sosai, kuma kada a zarce ƙima, don yawansu yakan sa kaji ƙin ci.

Amma a lura: yaji yana sassauta illa ne, ba ya kashe dafin, dafuwa ma ba ta kashe shi. Saboda haka a shanya hatsi a kan tabarma ko tamfol har ya bushe ƙayau, a tsince ƙwayoyin da suka canza launi, a ɗora buhuna a kan katako nesa da bango. Abincin da ya dunƙule ko yake warin gumi, a binne shi. Idan kaji suka fara mutuwa, a nemi likitan dabbobi.

Dabba amana ce a hannun mai ita, kuma abin da kaza ta ci, ƙarshenta tukunyar gida zai komo.