Tsofaffin maɓallai: Me ake nema a shagunan gwanjo?

A shagunan gwanjo na Birtaniya da Amurka, akan ga wasu mutane na juya tsofaffin riguna ba don su saya su sa ba. Maɓallan da ke jikin rigunan suke dubawa.

Wasu kuma kan sayi kwalba guda cike da maɓallai iri-iri, su je gida su baje, da fatan za su dace da ko da guda ɗaya mai daraja.

Wannan al'ada ta daɗe. Tun a shekarar 1938 aka kafa ƙungiyar masu tara maɓallai ta Amurka, wato National Button Society, wadda har yanzu take shirya baje koli duk shekara. A tsarinta, maɓallin da aka ƙera kafin 1918 shi ake ɗauka a matsayin tsoho.

Me ya ba su daraja?

Kusan duk maɓallan da ake ɗinkawa a riguna yanzu na roba ne. A da kuwa da ƙashi, da ƙaho, da tagulla, da gilashi, da ɓawon halittun ruwa ake yin su, kuma kowane iri yana da garin da ya yi fice a kansa.

Birnin Birmingham na Ingila ya shahara da maɓallan ƙarfe tun ƙarni na 18. A Amurka kuma, wani Bajamushe mai suna John Boepple ya soma yanka maɓallai daga ɓawon wasu halittun kogin Mississippi a garin Muscatine a 1891. Zuwa 1905 garin yana fitar da maɓallai kimanin biliyan ɗaya da rabi a shekara.

Har ƙwallon goruba ya shiga wannan sana'a. A zamanin mulkin mallakar Italiya a Eritiriya, an yi masana'antun da ke sarrafa shi zuwa maɓallai, saboda taurinsa da farinsa mai kama da hauren giwa.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu roba ta yi arha, waɗannan masana'antu suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya. Abin da suka ƙera ya rage ne a jikin tsofaffin tufafi da gwangwanayen ɗinki na tsofaffi, waɗanda magada kan kai shagunan gwanjo bayan rasuwar masu su.

Yaya ake gane na gaske?

Masu tarawa kan fara ne da juya maɓalli su dubi bayansa, domin a nan ake samun sunan maƙera, musamman a maɓallan kakin soja.

Gilashi da ɓawo sun fi roba sanyi da nauyi a hannu. Bakelite kuwa, robar da Leo Baekeland ya ƙirƙiro a 1907, takan fitar da wani wari na daban idan aka murza ta har ta yi ɗumi.

Baƙaƙen maɓallai ma suna ruɗa sabon shiga. An yi yayinsu bayan 1861, lokacin da Sarauniya Victoria ta shiga makokin mijinta. Amma akasarinsu baƙin gilashi ne, ba baƙin dutsen garin Whitby mai tsada ba.

Ina hatsarin yake?

Na farko shi ne doka. Tun watan Yunin 2022 Birtaniya ta haramta cinikin kayan hauren giwa, in ban da 'yan kaɗan da aka keɓe. Wanda ya sayar da maɓallin haure ba bisa ƙa'ida ba na iya fuskantar tara ko ɗauri.

Na biyu shi ne ajiya. Wata tsohuwar roba da ake kira seluloyid kan ruɓe, ta fitar da iskar da ke cin ƙarfe. Idan aka rufe ta a kwalba ɗaya da maɓallan tagulla, duka sai su lalace. Don haka ake ɗaure kowane iri a kan katinsa, a wurin da iska ke shiga.

Akwai kuma saɓani tsakanin masu tara maɓallai da masu adana tsofaffin tufafi, waɗanda ke ganin yanke maɓalli daga riga mai shekaru ɗari ɓarna ce, tunda ita rigar ce shaidar zamaninsa.