Kamshaf: Tokumbo Ko Sabo Cikin Kwali?

Idan aka sauke injin motar lodi a garejin Gumel ko Maigatari, lissafi yana da hanyar da yake bi. Bakanike zai shimfiɗa buhu, ya jera kayan cikin injin, ya shiga ƙirga wa mai mota abin da ya mutu: fistin da ringi, metal, gaskit, sai karanshaf da za a kai Kano a gurza. Kamshaf kusan kullum shi ne na ƙarshen ɗagawa, lokacin da kuɗin riɗin da aka ware saboda gyaran sun kusa ƙarewa. A nan ne ake jin, "To Alhaji, wannan ma fa ya cinye. Tokumbo za mu sa ko sabo?" Galibi aljihu ne ke ba da amsa, alhali wannan sandar ƙarfe ita kaɗai tana iya kashe duk sauran kayan da aka saya.

Aikin kamshaf buɗe bawul ne a kan lokaci. A jikinsa akwai ƙulle-ƙulle masu siffar ƙwai, kowanne da bawul ɗinsa. Karanshaf ya juya sau biyu, shi ya juya sau ɗaya, tsinin kowane ƙulli ya ture tafet, tafet ya ture sandar da ke danna bawul, iska ta shiga silinda ko hayaƙi ya fita. Injin OM352 mai silinda 6, wanda Mercedes ta fara ƙerawa a 1964 kuma shi ne a cikin tsofaffin 911 da kamfanin ANAMMCO ya riƙa haɗawa a Inugu, yana da irin wannan ƙulli 12 na bawul. Idan tsinin ɗaya ya lashe, bawul ɗinsa ba zai buɗe sosai ba, silindar ta rasa iska, mota ta dinga baƙin hayaƙi tana nishi da lodin da a da ba ta jinsa. Sau da yawa sai a dora laifin a kan nozul da famfon gas, a yi ta kashe kuɗi a inda ba ciwon yake ba.

A Amurka masu gyaran inji kan yi ta gardama kan siffar ƙullin, wane ne zai ƙara gudu, wane ne zai ƙara ƙarfin ja. Mu nan ba wannan ce damuwarmu ba. Motar da za ta kwaso gero da zoɓo daga ƙauyukan Ɗanzomo da Gagarawa, ta keta rairayi da giya ɗaya ko biyu kafin ta hau kwalta, ko ta loda shanu ranar Alhamis a kasuwar Maigatari ta nufi Kudu, abin da take bukata shi ne ƙarfin ja a ƙaramin totur, kuma siffar da kamfani ya yanka tun asali ita ce ke ba da shi. Saboda haka gardamarmu a kan ingancin ƙarfe take, da kuma wanda za ka iya gane gaskiyarsa kafin ka biya.

Sabo yana da abin da ke jan ido. Ga shi a kwali, an shafe shi da man hana tsatsa, ƙullensa duk tsayi ɗaya, wuraren da yake kwanciya a kan bushi ba su lashe ko kaɗan ba. Ana samunsa a Ƙofar Ruwa a Kano ba tare da an sha yawo ba, domin ana shigo da na tsofaffin injuna daga Sin da Indiya da Turkiyya. Tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga kusan naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, kayan gyara duka suka yi tsada, sai mutane da yawa suka karkata ga sabon da ba shi da suna, don shi ne kuɗinsu ke kaiwa.

Matsalarsa ita ce abin da ya fi muhimmanci a jikinsa ido ba ya ganinsa. Kamshaf ba dukkansa ne mai tauri ba. Fatar ƙullin kawai ake ƙonawa ta yi tauri, cikin kuwa a bar shi da ɗan laushi don kada ya karye. Wannan ƙonawar ita ce mai cin kuɗi a masana'anta, ita ce kuma mai yin jabu yake ragewa. Wanda aka ƙona da kyau da wanda aka ɗan wuce da shi ta wuta, ƙyallinsu ɗaya ne a shago. Sai an ɗaura inji, an yi makonni ana aiki, sannan direba ya fara jin tafet na ƙara. A saita, bayan kwana biyu ƙarar ta dawo. Tsinin ne ke lashewa a hankali, garin ƙarfen kuma yana bin baƙin mai, yana shiga sabon metal da sabon karanshaf ɗin da aka gurza. Kafin a farga, aikin injin gaba ɗaya ya tashi a banza, mai shago kuma ba zai karɓi abin da ya riga ya yi aiki ba. Araha dai ba ta ado.

Akwai gwajin da tsofaffin makanikai ke yi: a goga zarton ƙarfe a gefen ƙullin, inda tafet ba ya taɓawa. Idan zarton ya zame bai kama ba, akwai tauri. Idan ya ci, a mayar da kayan cikin kwalinsa. Gwaji ne mai amfani, sai dai yana nuna taurin sama ne kawai, ba ya faɗin zurfinsa. Ba kowane mai shago ba ne ma zai bari a kusanci kayansa da zarto.

Tokumbo kuwa, wanda wasu ke kira ɗan Beljiyam, ƙarfe ne da kamfanin motar da kansa ya ƙera, ya yi aiki a Turai ko Japan inda ake canja baƙin mai a kan lokaci kuma ba a san ƙurar hunturu irin tamu ba. Injunan Benz da DAF kan biyo jiragen ruwa daga tashoshi irin su Antwaf zuwa Legas da Kwatano, na Kanta kuma daga Japan, wani lokaci ta Dubai, a kwance su a kasuwar Ladipo ko a taho da su Kano ɗungurungum. Babbar falalarsa a wurina ita ce ya riga ya yi jarrabawa. Ƙarfen da ya yi shekaru yana juyawa bai lashe ba, ba a bukatar rantsuwar ɗan kasuwa kan taurinsa. Kuma aibinsa, in yana da shi, a fili yake.

Ga yadda mai hankali ke dubawa. A wanke shi tas da fetur, a fito da shi rana, kada a yarda da duhun shago. A bi kowane tsini da farce: idan farce ya tsaya a wani layi, ko aka ga ƙananan ramuka a fatar, ko gefe ɗaya ya fi ɗaya kwanciya, an gama magana. Sannan a sa ma'auni. A auna ƙullin ta tsawonsa, a auna ta faɗinsa, a cire ƙarami daga babba, abin da ya rage shi ne iya yadda yake ɗaga tafet. Na bawul ɗin iska duka su zo ɗaya, na hayaƙi su ma su zo ɗaya. Wanda ya gaza 'yan'uwansa shi ne ya fara tafiya. A ƙarshe a ɗora shi a kan shafaffen abu a mirgina, a ga ko ya lanƙwashe. Duk wannan bai kai minti 30 ba. Abin takaici, garejojin da ke da ma'aunin nan a yankinmu ba su da yawa, an fi dogara da ido da "ai na saba".

Ba na cewa tokumbo ba shi da ha'inci. Akwai kwancen gida, wato wanda aka ciro daga motar da ta gama shan wahala a nan Najeriya, aka goge shi, aka shafa masa baƙin mai mai kauri, aka jera shi cikin na waje. Akwai kuma wanda aka yi wa ciko da walda aka feƙe da hannu, wannan kam ko kyauta aka ba ka, ka bar shi. Sannan shekaru suna ja. Mercedes ta maye gurbin OM352 da OM366 tun shekarun 1980, don haka na kirki kullum ƙara wuya yake, kuma injunan iri-iri ne, akwai mai tobo akwai marar tobo. Dole a je kasuwa da tsohon a hannu, a haɗa lamba da lamba. Daga Gumel zuwa Kano kimanin kilomita 120 ne, wanda ya dawo Ɗanzomo da kayan da bai shiga ba ya yi asarar wuni da kuɗin mota, ga lodi yana jira.

Inda na ga an fi yin ɓarna ma ba a wajen sayen ba ne, a wajen tafet ne. Tafet mai shafaffen gindi yana lashewa ne tare da ƙullin da ya saba gogawa. Sabon kamshaf a kan tsohon tafet, sati kaɗan ya isa ya cinye shi, sai a ce kayan jabu ne, alhali ɗaurin ne ya kashe shi. Mai sayen sabo ya sa kuɗin sabbin tafet a lissafinsa, kuma da ya yi haka zai ga arahar ta ragu. Mai sayen tokumbo ya nemi a ba shi da tafet ɗin injin da aka ciro shi, a jere, kowanne a ƙullinsa. Idan an riga an cakuɗa su a kwando, to sabbi zai saya shi ma. Ranar tayar da injin kuma kada a bar shi a silo "don ya huta", kamar yadda wasu ke yi. A shafa wa ƙullen mai kafin a rufe, a tayar, a ɗan ɗaga totur na minti 20 zuwa 30 domin mai ya wadace su, sannan a zubar da wannan man da filta da wuri.

Hukuncin bai zama ɗaya ga kowace mota ba. Mai Howo, injinsa na Sin ne tun asali, WD615 da aka gina a kan ƙirar kamfanin Steyr na Ostiriya, wanda ya taɓa haɗa motoci a Bauchi. A wurinsa ɗan Sin mai lambar kamfani shi ne gangariya, ba shi da dalilin neman kwance. Mai sabuwar DAF kuma, wadda kamshaf ɗinta ke tura famfunan gas bayan buɗe bawul, kada ya yi caca da kayan da ba a san mahaifarsa ba, ya sayi mai suna ko da motar za ta ƙara mako a gareji.

Amma ga mai tsohuwar 911 ko Kanta da ke zirga-zirga tsakanin Sule Tankarkar, Gumel da Maigatari, ni tokumbo nake ba wa gaba, muddin an wanke shi, an auna shi, ya zo da tafet ɗinsa. Sabo mai sunan kamfani sananne ya fi shi, ga wanda aljihunsa ya kai. Sabon da ba suna ba lamba, shi ne na ƙarshe a layi. Kai kuma Alhaji mai mota, kada ka aiki yaron mota shi kaɗai. Ka biya wa bakanikenka kuɗin mota zuwa Ƙofar Ruwa, ya tafi da tsohon kamshaf ɗin da ma'auni a aljihunsa.