Me Ke Sa Idon Kaza Ya Kumbura?

Da damina, masu kiwon kaji a gida sukan wayi gari su tarar da idon kaza ya kumbura, har ya rufe. Sau da yawa cutar ƙurajen kaji ce, wadda ƙwayar bairas ke haddasawa. Sauro ne babban mai yaɗa ta, tana kuma shiga ta rauni idan kaji sun caki juna.

Cutar iri biyu ce. Ta farko takan fito da ƙuraje a zanko da fatar ido, su bushe su yi ɓawo, kuma yawanci takan warke cikin mako 2 zuwa 4. Ta biyu tana kama baki da maƙogwaro, ta hana ci da numfashi. Ita ce mai kisa, musamman ga 'yan tsaki.

Amma ba kowane kumburi ne ƙuraje ba. Idan fuska ta kumbura, ga atishawa da majina mai wari, wataƙila murar kaji ce, wadda likitan dabbobi zai iya ba da maganinta.

Babu maganin da ke kashe bairas ɗin ƙuraje. A ware kazar da ta kamu, a goge idon da ruwa mai tsabta, a ajiye mata tsaba da ruwa kusa, domin ba ta gani sosai. Kada a ɓamɓare ɓawon. Cutar ba ta kama mutum.

Akwai allurar rigakafi da ake yi a fatar fiffike, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom tana samar da ita. Mai kaji, yi musu kafin sauro ya yawaita.