Abubuwan da ya kamata ka sani game da sansanin tsibirin Kunta Kinte

A tsakiyar Kogin Gambiya, kimanin kilomita 30 daga inda ya faɗa Tekun Atlantika, akwai wani ɗan tsibiri da ke ɗauke da kufan sansanin Turawa. A gaɓar arewa, daura da shi, ƙauyukan Albareda da Jufure ne, inda jama'a ke rayuwa da kamun kifi da noma. Ba a fahimtar tarihin sansanin sai an haɗa shi da na mutanen gaɓa, domin da su ya rayu tun farkonsa.

Mene ne sansanin tsibiri?

Sansani irin wannan gini ne mai kaurin garu, wanda ya haɗa barikin soja da ɗakunan ajiyar haja da wurin tsare bayi, an girka igwa a kusurwoyinsa. Ana kafa shi a mashigar da dole matafiya su bi, kamar ƙofar gari da fatake ba su da hanyar kauce mata.   Na Gambiya kuwa ruwa ya kewaye shi ta ko'ina, ruwan ya zame masa ganuwa ta biyu.

Dalilin gina shi

Kogin Gambiya yana ɗaukar manyan jiragen ruwa zuwa can cikin ƙasa, inda fataken Mandinka ke kawo zinariya da hauren giwa da fatu da kakin zuma da kuma bayi. Duk wanda ya riƙe tsibirin yana ganin kowane jirgi da zai shiga ko zai fita. Ayarin jiragen Fotugal ya yada zango a nan a 1456, ya binne wani matuƙi, aka sa wa wurin suna Sant Andire. A 1651 mutanen Kurlan, wata ƙaramar daula a ƙasar Latbiya ta yau, suka gina sansanin farko. Ingila ta ƙwace shi a 1661, ta raɗa masa sunan Jemis, ƙanen sarkinta, daga baya kuma kamfanin Royal African Company ya mayar da shi cibiyar cinikinsa a kogin.

Yadda yake aiki

Ƙarfin sansanin yana ga igwa, amma rauninsa yana ga ruwan sha. Kogin a wannan wuri gishiri ne saboda ruwan teku yana shigowa, tsibirin kuma ba shi da rijiya. Dole a tara ruwan sama, a kuma riƙa jigilar ruwa da itace da abinci daga gaɓa a kwale-kwale. Gaɓar kuwa ƙasar Sarkin Niyumi ce, wanda ke karɓar kuɗin fito daga jiragen ciniki. Idan aka saɓa da shi, hana ɗibar ruwa kaɗai ya isa ya durƙusar da masu igwa. Saboda haka zaman ya dogara ne da yarjejeniya da kyaututtuka da tafintoci, ba da albarushi kawai ba.

Bayin da aka sayo a tashoshin cikin ƙasa ana tsare wasunsu a tsibirin har jirgin da zai ƙetara da su Amurka ya iso. Wani da tarihi ya riƙe sunansa shi ne Ayuba Sulaiman Jallo, Bafulatani mai ilimin addini daga Bundu. An kama shi a bakin wannan kogi aka sayar da shi zuwa Merilan ta Amurka. Wasiƙar da ya rubuta wa mahaifinsa da Larabci ce ta zama sanadin 'yancinsa, kuma a 1734 ya sauka a wannan sansani a hanyarsa ta komawa gida.

Yadda ya zama kufai

Sansanin bai taɓa samun dogon zaman lafiya ba. Faransawa, waɗanda suka buɗe tashar ciniki a Albareda tun 1681, sun kama shi a 1695, 'yan fashin teku sun wawushe shi a 1719, ɗakin albarushinsa ya fashe a 1725, sannan Faransawa suka sake ragargaza shi a 1779. Bayan Ingila ta haramta cinikin bayi a 1807, sai ta ga tsaron bakin kogin ya fi amfani wajen tare jiragen bayi. Ta kafa garin Batas, wato Banjul ta yau, a 1816, daga baya ta gina sansanin Bulen a Bara, a ɗaya gaɓar. Daga nan tsibirin ya rasa amfaninsa, aka watse aka bar shi.

Yadda ake ziyartarsa

Daga Banjul ana shiga jirgin fito zuwa Bara, sannan a hau mota zuwa Albareda da Jufure. A can akwai gidan tarihi da ke bayanin cinikin bayi, da kufan wata tsohuwar majami'ar Fotugal. Daga bakin ruwa kwale-kwale mai inji ke kai baƙi tsibirin tare da ɗan jagora. Ruwan yana cikowa yana janyewa sau biyu a yini da dare, kuma iskar la'asar kan tayar da igiya, don haka matuƙan ne ke faɗin lokacin tashi da na dawowa. Ya kamata baƙo ya sa rigar kariya daga nutsewa, ya riƙe ruwan sha, domin babu abin sayarwa a can.

Abin da ake tararwa kaɗan ne, amma yana da nauyi. Akwai ragowar garu na dutse da bulo, da igwoyi masu tsatsa kwance suna fuskantar kogi, da wani ƙuntataccen ɗaki mai ƙaramar taga da 'yan jagora ke nunawa a matsayin kurkukun bayi masu turjiya. Kukoki sun tsiro a tsakanin gine-ginen, saiwoyin wasunsu a fili saboda ruwa ya kwashe ƙasar da ke rufe su.

Tasirinsa a yau

Littafin Roots na Alex Haley, wanda ya fito a 1976, shi ya sanar da duniya Jufure, inda marubucin ya ce daga nan aka kama kakansa Kunta Kinte a 1767. Masana tarihi sun yi jayayya a kan wannan salsala, amma hakan bai hana jikokin bayi daga Amurka zuwa ziyara ba. A 2003 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa tsibirin cikin wuraren tarihi na duniya, a 2011 kuma gwamnatin Gambiya ta sauya masa suna zuwa Kunta Kinte.

Ziyarar ta samar wa masu kwale-kwale da 'yan jagora da masu sassaƙa abin sa wa a bakin salati baya ga kamun kifi. Babbar barazanar yanzu ita ce zaizaya, wadda ta cinye mafi yawan faɗin tsibirin tun zamanin da sansanin ke aiki. Shi ya sa hawa kan garun ko ɗauke dutse don tunawa ba ƙaramar ɓarna ba ce, domin kowane bulo da ya faɗa kogin ba ya dawowa.