Mu uku da injin feshin ruwa: Sana'ar da yajin aiki ya haifar mana

Ranar 14 ga Fabrairun 2022 ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta shiga yajin aiki, aka ce na gargaɗi ne na mako huɗu. Mu uku ne, 'yan aji ɗaya a jami'a a nan Kano, kuma kamar kowa muka tattara muka koma gida muna jiran a ce mu dawo. Wata guda ya zama biyu, biyu suka zama huɗu. Barci ya ishe mu, hirar majalisa ta ishe mu, kuɗin data ma sai mun roƙa.

A cikin wannan zaman kashe wando ne ɗayanmu ya fara turo mana bidiyoyin YouTube na wasu matasa a Amurka masu sana'ar wanke gidaje da injin feshin ruwa. A can gidaje da dama suna da dandamalin katako a bayan gida inda iyali ke zaman shan iska. Idan rana da ruwan sama suka mayar da shi toka-toka, sai a kira waɗannan matasa su wanke shi, su goge, su sake shafa masa launi. Mu nan irin wannan dandamali sai a wasu 'yan wuraren cin abinci da na shaƙatawa. Amma muna da ƙurar hunturu, da gansakukar damina, da intalok da ya cika tsakar gidajen sababbin unguwanni, kuma tsintsiya ba ta iya masa.

Jarinmu ya fito ne daga wuri uku: kwasar adashin mahaifiyar ɗayanmu da ta ara mana, da wayar da ɗaya ya sayar, da 'yan kuɗin da na ukun ya tara a koyar da yara darasin yamma. Muka sayi injin na hannu a Sabon Gari, mai amfani da fetur. Ba Kärcher ba ne, wato kamfanin Jamus da ya yi suna wajen ƙera waɗannan injuna tun 1950. Ɗan China ne, kuma sai an ja igiyarsa sau biyar yake tashi.

A jikinsa an rubuta PSI 3,000, wato ma'aunin ƙarfin da ruwan ke fita da shi. Ruwan famfo na gida, a ranar da ya ga damar zuwa, yawanci bai wuce PSI 60 ba. Injin ya zo da bakunan feshi biyar masu launi daban-daban. Jan yana fitar da ruwa siriri kamar allura. Rawaya yana buɗewa digiri 15, kore digiri 25, fari digiri 40, baƙin kuma na fesa sabulu ne. Iya buɗewar bakin, iya sassaucin ruwan a kan abin da ake wankewa. Mun san wannan a baki tun ranar farko, amma ba mu ɗauke shi da muhimmanci ba sai da muka yi ɓarna.

Aikin farko a gidan kawun ɗayanmu muka yi shi, kyauta, don mu samu hotunan da za mu saka a WhatsApp. Intalok ya fito fes, Hajiya tana ta sa albarka. Bayan kwana uku aka kira mu: bulullukan sun fara motsi idan mota ta taka. Ashe mun kwashe yashin da ke tsakaninsu, wanda shi ne ke riƙe su. Tun daga ranar, duk inda muka wanke intalok sai mun jira ya bushe, mu zuba busasshen yashi mai laushi, mu share shi ya cike ramukan. Muna saka kuɗin yashin a cikin lissafi tun kafin a fara.

Sai maganar ruwa, wadda bidiyoyin Amurka ba sa ma ambato domin su tiyo kawai suke haɗawa da famfo. Injinmu yana shan kusan lita tara a minti ɗaya, wato lita 540 a awa guda, kusan jarka 22 ke nan ta masu ga-ruwa. Don haka tambayarmu ta farko ga mai gida yanzu ita ce ko akwai burtsatse. Idan babu, kuɗin kura nawa za a sha yana kansa, kuma a rubuce. Ba a barin injin ya ja iska babu ruwa, ba a kuma barinsa yana aiki minti da yawa ba tare da an matsa bindigar ba, domin ruwan da ke zagaye a cikin famfonsa zafi yake yi ya lalata robobin ciki.

Babbar ɓarnarmu a wani wurin cin abinci muka yi ta, inda suke da dandamalin katako a waje da kujeru a kai. Murna ta kama mu, ga irin aikin da muke gani a bidiyo ya zo har gida. Maiƙo ya kama wani gefe ya ƙi fita, sai ɗayanmu ya cire koren baki ya saka ja. Cikin 'yan daƙiƙoƙi ruwan ya yi wa katakon zane kamar an bi shi da ƙusa, saman kuma ya tashi burɗin-burɗin. Manajan wurin bai yi faɗa ba, wanda hakan ya fi faɗan ciwo. Cewa ya yi: “Samari, ku mayar mini da shi yadda kuka same shi, sannan mu yi maganar kuɗi.”

Wani dattijon kafinta a unguwarmu ne ya fitar da mu kunya. Da ya ga hoton sai ya girgiza kai ya ce: “Yarana, katako ba siminti ba ne, rai gare shi.” Muka ce: “Baba, yanzu yaya za mu yi?” Ya bi mu har wurin, ya sa muka bar katakon ya bushe kwana biyu cur. Sannan muka bi shi da samfefa mai kaushi, lamba 60, muka dawo da lamba 80, muka ƙarasa da 120, kullum muna bin tsawon zaren katakon, ba a gicciye ba. Allo biyu ba su gyaru ba, sai sababbi muka saya. Ya hana mu shafa folish da rana tsaka, ya ce zafi zai busar da samansa kafin katakon ya sha. Shafi biyu marasa kauri muka yi, da yini guda a tsakani. Kwana shida muka yi a aikin da muka yi wa lissafin wuni ɗaya, kuma abin da aka biya mu bai mayar da kuɗin kayan ba. Amma wurin har yau mu suke kira, kuma daga nan ne muka fara karɓar gyaran ƙofofin katako da bencina. Katako mai laushi ba ma wuce masa PSI 600, da farin baki, daga nesa. Jan bakin kuwa yana cikin aljihun jaka, mun ɗaure shi da leda.

Akwai abubuwan da ba ma wasa da su. Ruwan injin nan yana iya huda fata ya shige cikin nama, ramin ya yi ƙanƙanta a ido amma cikin ya lalace, don haka babu mai riƙe bindiga da silifas, sai da takalmin roba da tabarau. Muna kashe wutar soket ɗin waje kafin mu fara. Muna amfani da Hypo da aka sirka wajen kashe gansakuka, amma ba ma taɓa haɗa shi da asid ɗin wanke tayil, domin haɗin yana fitar da iskar gas mai guba. Farantan sola kuma, duk da yawan masu roƙonmu, ba ma sa musu injin, sai ruwa da tsumma mai laushi da sassafe.

Ranar 14 ga Oktoba aka janye yajin aikin, bayan wata takwas, muka koma aji da bashin adashi a kanmu. A nan ne rigima ta fara tsakaninmu. Ɗaya yana son mu riƙa karɓar aiki ko da ranar lacca ce, biyu suka ƙi. Sai da aka yi mako biyu ba a ga maciji, kafin muka zauna muka rubuta ƙa'ida a bayan littafin lissafinmu: aiki Asabar da Lahadi kawai, babu aiki daga mako biyu kafin jarrabawa, kuma kashi ɗaya cikin huɗu na duk abin da ya shigo na injin ne, ba a taɓa shi. Mun rasa kwastomomi saboda wannan, har da wani mai gidaje da yawa da ya ce shi ba ya jiran 'yan makaranta.

Da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, kuɗin A Daidaita Sahun da ke ɗaukar mana kaya ma ya bi sahu. Muka daina yanka farashi da ido. Yanzu muna zuwa da tef mu auna faɗi da tsawo, mu lissafa mai da ruwa da yashi da mota, mu karɓi rabin kuɗin a matsayin kafin alƙalami. Wasu iyayen gida suna dariya idan suka ga mun fito da tef da biro, amma gardamar bayan aiki ta ragu sosai.

Mun gama biyan kuɗin adashin a watan da ya wuce. Abin da ke gabanmu shi ne rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC, domin wata makaranta mai zaman kanta ta ce ba za ta ba mu wankin harabarta ba sai da takarda da asusun banki mai sunan sana'a. Har yanzu ba mu daidaita a kan sunan ba. Injin kuma ya fara ɗigar da baƙin mai ta ƙasa, kuma ranar Asabar muna da gida biyu a Hotoro.